Fensir a Cikin Bango

Kira na uku ke nan tun safe, Mukarrama ko tukunyar koko ba ta sauke ba. Ta goge hannu da gefen zani ta ɗauki 'yar ƙaramar wayarta mai madannai.

"Ke ce Mukarrama Malam Tukur mai littattafai?" Muryar wani mutum ce, ko sallama babu.

"Ni ce. Ina kwana?"

"Riƙe gaisuwarki. Littafin lissafin da kika aiko min ta tasha, kin ce kamar sabo. Na buɗe, rabinsa ruwa ya jiƙa, shafuka sun manne da juna. Haka ake yi? Ke ba ki tsoron Allah?"

Kafin ta buɗe baki ya kashe. Ta tsaya da waya a hannu har kokon ya fara kamawa. Ta san littafin sarai. Ita da hannunta ta duba shi shekaranjiya, ta rubuta a cikin bangonsa na baya cewa ruwa ya taɓa shi daga shafi na sittin zuwa na ɗari da goma.

Sana'ar ta mijinta ce, Ukasha. Yakan bi ɗaliban da suka gama karatu a Zariya da nan Makarfi ya sayi tsofaffin littattafansu buhu-buhu, ya jibge a siton gida kusa da buhunan masara, ya tallata a wani zauren WhatsApp, wanda ya saya a aika masa ta hannun direba. Aikin Mukarrama shi ne dubawa. Takan shimfiɗa tabarma bayan azahar ta bi littafi shafi-shafi, duk aibin da ta gani ta rubuta da fensir a cikin bangon baya, da yamma ta karanta wa Ukasha, shi kuma ya buga a babbar wayarsa. Wannan ɗabi'a a wurin mahaifinta ta ɗauko ta. Malam Tukur ya yi shekara talatin yana hedimasta a Ikara, kuma bai taɓa ba da aron littafin makaranta ba sai ya rubuta halin da yake ciki da fensir. Rabin malamai da ma'aikatan asibitin da ke tsakanin Ikara da Kudan ta hannunsa suka bi. Shi ya sa Ukasha, da yake ba wawa ba ne, bai sa wa zauren sunansa ba. Ya sa masa Littattafan Mukarrama Malam Tukur, ya kuma liƙa lambarta a ƙasa don masu ƙorafi.

Da ya dawo cin abincin rana ta bar shi ya ci ya ƙoshi, sannan ta ce, "Abban Khairiyya, don Allah ara min wayarka in ga abin da ka rubuta a kan littafin lissafin nan."

"Me za ki gani a ciki?"

"Gani kawai zan yi."

Ya miƙa mata yana sakace haƙori. Hoton bango ne kaɗai, ya sha goga yana ƙyalli. A ƙasa an rubuta: kamar sabo, babu abin da ya same shi. Ta ja sama. Littafin da gara ta ci gefensa, kamar sabo. Wanda babu shafuka ashirin na farko, kamar sabo. Wanda wani ɗalibi ya cika da zanen biro har ba a ganin rubutu, shi ma kamar sabo. Wata huɗu tana karanta masa, yana gyaɗa kai yana danne-danne, ashe ko kalma ɗaya tata bai taɓa bugawa ba.

"Innalillahi! Duk wahalar da nake sha ina bin shafi, ina take tafiya?"

"Ke dai kina da abin dariya," in ji Ukasha. "Wa kika taɓa gani ya kai kaya kasuwa yana shelar aibinsu? In na rubuta gara ta ci, wa zai saya? Kuma tsakani da Allah, wa yake karanta littafi daga farko har ƙarshe? 'Yan makarantar yanzu bango suke so su riƙe a gan su."

"To ka cire sunana da na Baba, ka sa naka."

"Sunan ne kasuwar ai." Ya karɓe wayarsa ya zura a aljihu. "Shi ke nan, na ji, zan gyara."

Bai gyara komai ba. Abin da ya ƙaru ma shi ne ya fara kai waɗanda gara ta ci gefe shagon fotokwafi a datse musu baki su yi sumul, ya sayo gam yana liƙe bangon da ya ɓalle. Kira kuwa sai abin da ya yi gaba. Wata malama daga Furana ta kira ta ce Allah ya isa. Wani ya kira ana tsakiyar sallar la'asar, ya sake kira, ya sake kira, har ta sallame ta ɗauka ya zazzage mata. Tun tana ba da haƙuri har ta koma jin ƙarar wayar kamar an watsa mata ruwan sanyi. In ta kashe ta, Ukasha ya dawo ya ce tana kashe masa ciniki.

Ta kai ƙara sashen surukarta, Inna Kulu, wadda take zaune a gidan tare da su. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta zayyana mata komai. Inna tana ɓarar gyaɗa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Yanzu a kan takarda kike wannan kumbure-kumburen? Abinci ya sayar musu da guba? Wani ya mutu?"

"Inna, ni ake zagi. Har Baba ake haɗawa."

"Zagi a waya, ya taɓa fito wa wani a jiki? Tuwon da kike tuƙawa da dare daga ina yake fitowa? Yaron nan bai sha, bai caca, neman halaliyarsa yake yi. Ki taya shi, ko ki yi shiru."

Halaliya! Mukarrama ta haɗiye maganar da ta taso mata, ta ce Allah ya huci zuciyar Inna, ta tashi. Abu ɗaya ta ƙudurta a ranta: ba za ta daina rubutun fensir ba. Ukasha bai taɓa buɗe littafi ya wuce bangon gaba ba, balle ya goge. Ko ba komai, wanda ya saya zai ga gaskiya a ciki, ya san akwai wanda bai yi masa ƙarya ba a gidan. Haka ta lissafa, baiwar Allah.

Da damina ta kankama kwanon sito ya fara yoyo. Ta yi magana sau uku a ɗaga buhunan a ɗora kan katako, Ukasha ya yi kunnen uwar shegu. Ranar da aka buɗe na ƙasan, warin fumfuna ya cika tsakar gida. A ciki akwai wani ƙaton littafin koyon aikin ungozoma, bangonsa lafiya lau kamar yau aka buga shi. Ta buɗe tsakiya, sai ga gara ta yi gida, ta cinye babi guda ƙaf, ta bar kufai. Mukarrama ta karkaɗe ƙasar, ta duba jerin babi na gaba, ta rubuta a bangon baya: shafi na 211 zuwa 246 babu, gara ta cinye, babin zubar jini bayan haihuwa ne, bai kamata a sayar ba. Ta ja layi biyu a ƙarƙashi, ta ɓoye littafin a bayan akwatin kayanta.

Ranar kasuwa ta dawo daga kai Khairiyya makaranta, 'yarsu ɗaya tilo mai shekara biyar, ta tarar an ja akwatin.

"Abban Khairiyya, ina littafin ungozoman nan?"

"Yana hanyar Kudan."

"Na ce maka babi guda babu! Babin jini ne fa!"

"Babi nawa ne a littafin? Arba'in da wani abu. Don ɗaya ya tafi sai in zubar da sauran? Malamansu za su koya musu a aji. Ke dai kin cika ɗora wa kanki kaya."

Sati uku bayan nan, da hantsi, aka yi sallama a tsakar gida. Wata mata ce mai kimanin shekara hamsin, doguwa, hijabinta ya koɗe, ƙafafunta duk taɓon hanya. Ta ƙi hawa tabarma, ta ƙi shan ruwa. Inna Kulu ta fito, matan maƙwabta biyu da suka shigo surfe suka tsaya da taɓare a hannu.

"Sunana Azumi, daga Kudan nake. Wace ce Mukarrama?"

"Ni ce, Baba. Sannu da zuwa."

Azumi ta zaro littafin daga leda. "Ni ɗalibar mahaifinki ce. Shi ya koya min rubuta sunana. Da 'yata Ummuhani ta nuna min tallar nan a waya na ga sunan Malam, ko tambaya ban yi ba, na ce saya, gidan Malam Tukur ba a ƙarya. Dankalin da na noma da hannuna na sayar na saya mata. Yarinyar nan ta bi littafin daga farko, saura kwana biyu jarrabawa ta iso tsakiya ta tarar da rami. Ta bi ƙawaye aro, kowa nasa yake karantawa. Ta faɗi takardar, sai baɗi."

"Don Allah ki yi haƙuri, wallahi ni..."

"Dakata. Ba kuɗi na zo karɓa ba. Da na ce kuskure ne, kowa yana yi, ƙila ba ki buɗe ba. Sai Ummuhani ta juya bayan littafin ko shafukan suna can a maƙale." Ta buɗe bangon baya ta ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. "Wannan rubutun wane ne?"

Mukarrama ta dubi layi biyun da ta ja da hannunta. 

"Nawa ne."

"Ashe kin sani. Kin ƙirga shafin, kin san babin, har kin rubuta bai kamata a sayar ba, sannan kika ce min kamar sabo. Da ɓarawon da bai san abin da ya ɗauka ba ne, da na yafe. Ke kin sani."

Ga amsa a bakin Mukarrama, kalma biyar ce kawai: ba ni na buga ba. Ta juya ta dubi Inna Kulu. Inna ta zuba mata wani irin ido da ya sa maganar ta koma ciki. Ukasha kuwa yana ɗaki tun shigowar matar, ta ga labule ya motsa, amma ko tarinsa ba a ji ba. Azumi ta mayar da littafin cikin leda ta fita, ba ta yi sallama ba.

Kafin azahar ɗin washegari hoton rubutun fensir ya zagaya zaurukan mata daga Kudan har Nasarawan Doya, an jera shi gefe da gefe da tallar. Mutane suka fara ficewa daga zauren littattafai. A nan ne hankalin Ukasha ya tashi. Sai ga shi da uwarsa sun zaunar da ita a ɗakin Inna.

"Magana ɗaya ce," in ji Inna Kulu. "Ki yi saƙon murya ki ce kuskurenki ne, ki ba da haƙuri, a wuce wurin."

"Inna, in ce ni na yi?"

"To wa za ki ce? Mijinki? Uban 'yarki? Ke mace ce, kina cikin gida, kwana biyu an manta. Shi fa da yake shiga masallaci da kasuwa? In kika tona masa asiri, da wane ido za ki zauna a gidan nan?"

"Ai da ma rubutunki ne ya jawo," in ji Ukasha, ko kunya babu. "Wa ya aike ki ki bar shaida a ciki? Da ba ki rubuta ba da tuni an ce kuskure ne."

Wallahi akwai maganar da in mutum ya ji sai ya rasa ta inda zai fara. Mukarrama ta yi kuka, ta ce ba za ta iya ba. Aka daina amsa gaisuwarta. Inna ta daina cin abincin da ta dafa, ta koma aika wa maƙwabta kwano a zubo mata, don unguwa ta sani. Kwana huɗu ta riƙe. A na biyar Ukasha ya kara mata waya a baki, ta faɗi abin da aka ce ta faɗa. Sau uku ana sakewa, wai muryarta ba ta nuna nadama sosai ba.

Ranar Juma'a aka aiko daga Ikara, Malam yana nemanta. Ta same shi a zaure kan buzunsa, tabarau a hanci, littafin ungozoman nan a gabansa. Azumi ce ta kawo masa da kanta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Bai tambayi Khairiyya ba, abin da bai taɓa yi ba.

"Rubutun nan naki ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Na gane shi. Har layi biyun irin nawa ne. Muryar da aka kunna min a masallaci fa, taki ce?"

"Tawa ce."

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga. "Mukarrama, ni na haife ki, na san hannun da ya rubuta bai kamata a sayar ba, ba shi ne ya sayar ba. Ba sai kin faɗa min wane ne ba. Amma duba nan. In ke kika yi, kin ci amanar mutane. In ba ke kika yi ba, kin buɗe baki kin yi wa jama'a ƙarya kin ce ke ce, kin kuma bar mai yi ya ci gaba. Wanne zan ɗauka in ji sanyi?"

Ta kifa kai tana kuka.

"Shekara talatin ban tara komai ba sai sunan nan. Matar nan ta zauna inda kike ta ce min, Malam, saboda kai na saya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba." Ya tura mata littafin. "Ki ce a cire sunana. Yau, ba gobe ba."

A mota, tun daga Ikara har Makarfi, littafin yana kan cinyarta. Ta shiga gida tana shirin rigima, sai ta tarar da Ukasha cikin fara'a, yana zaune kan turmi yana goge bangon littattafai da tsumma.

"Ki kwantar da hankalinki, na riga na rufe wancan zauren. Sunan ya ƙone ai, ba ya ciniki. Na buɗe sabo, zo ki gani."

Ya miƙo wayar. Hoton Khairiyya ne cikin kayan makaranta, tana dariya da giɓinta, ta rungume wani littafi. A sama an rubuta Littattafan Khairiyya, amana ita ce jarinmu. A ƙasa littattafai bakwai, duka kamar sababbi. Mutum tamanin sun riga sun shiga.

"Kin ga mutane suna son yara," in ji shi. "Af, kuma daga yau a daina rubutu a ciki. Na sayo kilina, ki goge na baya."

Ya ajiye mata kilinar a kan tabarma ya tafi masallaci.

Irin wannan ba a kai shi gaban alƙali. Babu duka, babu yunwa, babu tabon da za a nuna wa dangi. Mutum ne kawai ya ɗauki sunan matarsa ya yi ta gogawa a ƙasa har ya ƙare, ya haɗa da na tsohon da bai ci masa komai ba, gida kuma ya taru ya ce ta yi haƙuri don takarda ce. Ummuhani ta rasa shekara guda. Malam Tukur ya koma sallah a sahun baya. Wanda ya jawo duka ko ciwon kai bai yi ba, ga shi ma ya miƙa hannu kan suna na uku, na yarinyar da ba ta ma iya rubuta shi ba tukuna.

Mukarrama ta ture kilinar gefe. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, ta zazzage jakar makarantar Khairiyya, ta ɗauko jan biro. Ta jawo kwalin farko cikin waɗanda Ukasha ya jera littattafan sayarwa, ta ɗauki littafin da ke sama. Ba ta buɗe bangon baya don rubutu ba wannan karon, karantawa kawai ta yi, ta rufe, ta juya fuskar littafin, daidai inda ake ɗauka hoto, ta rubuta da manyan baƙaƙe tana dannawa har biron yana shiga takarda. Ruwa ya jiƙa shafi 30 zuwa 75. Ta ɗauki na biyu. Gara ta ci gefe, an datse. Na uku. Babu shafi ashirin na farko. Masu lafiya ta rubuta musu lafiya lau ta ware su gefe, ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Inna Kulu ta leƙo ta yi salati, ta yi kira, Mukarrama ko waiwaye.

Tana kan kwali na huɗu Ukasha ya shigo. Ya tsaya turus, ya ɗauki ɗaya, ya ɗauki wani, ya murza da yatsa, ya tofa yawu ya sake murzawa. Biro ba fensir ba ne.

"Kin haukace ne? Kin kashe min kaya! Wa zai sayi wannan?"

"Wanda ya ga aibin ya yarda da shi," in ji ta, ba ta ɗago ba. "In hoto za ka ɗauka, ga su nan, ɗauka."

"Wallahi yau sai kin bar gidan nan!"

Ta rufe biron, ta miƙe tsaye, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi a gaban Inna ba.

"In na tafi da ita zan tafi, in kuma kunna wa duniya gaskiyar wanda yake bugawa, da muryar nan tawa da ka koya wa ba da haƙuri. Nawa sunan ka cinye, na bar maka. Na Baba ka cinye, ni na taya ka. Na Khairiyya kuwa, ciro wayarka ka goge shi yanzu ina kallo."